Gidan Waya da Tarihin Korar Ma'aikata

Yau zan taɓo tarihin mutanen da muka daɗe muna amfana da guminsu, wato ma'aikatan gidan waya, musamman masu gyara da masu hawa falwaya. Kafin zuwan GSM a 2001, ta hannunsu wasiƙunmu da tangarahonmu ke isa Kano da Katsina da Maraɗi.

A zamanin Turawa, wasiƙa da tangaraho da tarho duk suna ƙarƙashin ma'aikata ɗaya ce, P&T. Ma'aikatanta na cikin waɗanda suka shiga babban yajin aikin 1945 da Michael Imoudu ya jagoranta, wanda ya haura kwana 40, har gwamnati ta amince da ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Daga nan ma'aikaci ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1974 aka yi Dokar Ƙwadago. Sashe na 20 ya ce idan za a rage ma'aikata, dole a sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, tare da duba ƙwarewarsa, sannan a tattauna kuɗin sallama. A 1978 kuma aka dunƙule ƙungiyoyin ƙwadago suka koma 42, 'yan gidan waya suka sami NUPTE.

To amma jama'a, doka a takarda daban, aiki da ita daban. A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 nan take. A 1984 gwamnatin Buhari ta kafa Dokar Soja mai lamba 17, wadda ta hana wanda aka kora zuwa kotu.

A 1985 aka raba P&T gida biyu: wasiƙu suka koma NIPOST, tarho ya koma NITEL. A lokacin, wanda ya faɗa NITEL shi ake yi wa barka. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 2006 aka sayar wa Transcorp kashi 51 na NITEL, a 2009 aka soke cinikin, daga baya aka rushe kamfanin aka sayar wa NATCOM kadarorinsa. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, wasu suka shekara da shekaru suna jiran fansho, wasu har suka riga mu gidan gaskiya. NIPOST kuwa, da ake yi wa kallon raini, ta tsaya a hannun gwamnati.

Shawarata ga 'ya'yanmu masu aikin albashi: ku adana takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa, ku riƙa biyan kuɗin ƙungiya, ku san abin da sashe na 20 ya ba ku tun kafin ranar sallama ta zo. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace.