Tarihin Daidaita Dokokin Bashi a Shiyyoyin Babban Bankin Amurka, 1941 zuwa 2011

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda Babban Bankin Amurka ya yi ta fama da matsalar aiwatar da doka ɗaya a shiyyoyi daban-daban. Dokar 1913 da ta kafa bankin ta raba ƙasar gida 12, kowace shiyya da bankinta, kamar su Niyok da Shikago da San Faransisko, sannan aka ɗora wata hukuma a Washinton domin ta sa ido a kansu. Wannan tsari ya sa hukumar ke tsara ƙa'ida, bankunan shiyya ke bin diddigin aiki da ita. Idan fassararsu ta bambanta, mai cin bashi a wata shiyya zai sami kāriyar da takwaransa na wata shiyyar bai samu ba.

2.0 Zamanin Yaƙi

Gwaji na farko ya zo a 1941, lokacin da Shugaba Roosevelt ya bai wa hukumar ikon ƙayyade sayen kaya bashi. Ƙa'idar W ta wajabta wa mai sayen mota ya biya sulusin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ya kuma kammala biya cikin wata 18. Manufar ita ce hana tsadar kaya, ba kāre mai saye ba. Duk da haka, nan ne bankunan shiyya suka fara yi wa masu ba da bashi rajista da bincikar littattafansu. An janye ƙa'idar a 1947, aka maido da ita sau biyu, kafin a yi sallama da ita a 1952.

3.0 Dokokin Kāre Mai Cin Bashi

A 1968 Majalisa ta zartar da dokar da ta tilasta wa mai ba da rance ya bayyana ainihin kuɗin ruwan shekara. Hukumar ta fitar da Ƙa'idar Z, wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 1969. Sai dai an raba aikin aiwatarwa tsakanin hukumomin tarayya tara, kuma Babban Bankin na kula ne kawai da bankunan jihohi da suka yi rajista da shi. Dokar 1974 ta ƙara hana nuna wariya ga mata wajen ba da bashi.

Masu binciken bankuna na wancan zamani sun fi damuwa da ƙarfin jarin banki fiye da haƙƙin abokin ciniki. Saboda haka a 1977 hukumar ta ƙirƙiro bincike na musamman kan waɗannan dokoki, da jami'ai masu horo iri ɗaya a dukkan shiyyoyi. A 1979 kuma aka kafa majalisar haɗin gwiwa ta hukumomin kula da bankuna domin daidaita ma'aunin bincike.

4.0 Giɓin da Aka Bari

Daidaita shiyyoyi bai toshe kowace kafa ba. Dokar 1994 ta ba hukumar ikon haramta zalunci a bashin gidaje, amma ba ta yi cikakken amfani da shi ba sai a 2008. Haka kuma a 1998 ta yanke shawarar kada a riƙa bincikar rassan kamfanonin banki waɗanda ba bankuna ba ne, alhali ta nan ne bashi mai tsada ya yi ta kwarara. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sakamakon ya bayyana a rikicin 2008, lokacin da miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu.

5.0 Kammalawa

Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta karɓe ikon tsara mafi yawan waɗannan ƙa'idoji ta miƙa wa sabuwar hukuma, wadda ta fara aiki a Yulin 2011, aka kuma ba ta binciken bankunan da kadarorinsu suka wuce dala biliyan 10. Bankunan shiyya suka ci gaba da kula da ƙanana. Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, an iya haɗa kan shiyyoyi 12 ta hanyar horo da ma'auni ɗaya, amma hakan bai amfani mai cin bashi ba a wuraren da cibiyar kanta ta zaɓi kada a duba.