Daga Gombe Abba zuwa Doma: Yadda Masarautar Gombe Ta Kafu

Tushen masarautar Gombe yana Gombe Abba, a gaɓar kogin Gongola cikin ƙaramar hukumar Dukku. A can kabarin Modibbo Buba Yero yake, can kuma masu ziyara ke zuwa yi masa addu'a.

Buba Yero Bafulatani ne, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da jihadi ya tashi a 1804 ya karɓi tuta, ya yi shekaru yana yaƙi a ƙasashen Gongola kafin ya zaunar da jama'arsa a Gombe Abba. Ya rasu a 1841. Cikin 'ya'yansa Muhammadu Kwairanga ne ya fi daɗewa a kan gado, daga 1844 zuwa 1882, kuma a hannunsa sarautar ta zauna da gindinta.

Ƙarshen ƙarnin bai yi wa Gombe daɗi ba. Malam Jibril Gaini ya kafa sansani a Bormi, ya gagari sarakuna. A Bormin nan ne kuma Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Turawan suka ɗauke fada zuwa Nafada a 1913, suka sake ɗauke ta zuwa Doma a 1919, zamanin Sarki Umaru. Doma ta gaji sunan Gombe, ta samu kasuwar auduga da jirgin ƙasa, ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Gombe Abba kuwa aka bar mata kabarin wanda ya kafa ta.

Wannan rabuwar tana damuna. Ga misali, a Kyoto ta ƙasar Japan akwai wurin bautar Fushimi Inari, wanda tarihinsa ke komawa shekarar 711. Dubban jajayen ƙofofi sun jeru a hanyar hawa dutsen da ke wurin, kowace ƙofa wani mutum ko kamfani ne ya biya kuɗinta, da sunansa a jiki. Aƙidar Japanawa daban, tamu daban, amma masu hannu da shuni ne suka ɗauki nauyin tarihinsu. Gombe ba ta rasa attajirai ba. Ya kamata su da fadar Mai Martaba Sarkin Gombe Abubakar Shehu Abubakar III su sa a riƙa kai 'yan makarantun birni Gombe Abba, a samar musu malamin da zai ba su labarin garin a bakin kabarin.