Direba da Kwandasta a Landan

Mu masu wuni gaban kwamfuta, kujerar direban bas muka gada. A 1949 likita Jerry Morris ya fara nazarin ma'aikatan bas masu bene na Landan. Direba yana zaune, kwandasta yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 1953 ya nuna ciwon zuciya ya fi kashe direbobi.

Wasu suka ce ai dama direbobin masu ƙiba ne. Sai ya duba awon wandunan aikinsu: siriri ko mai teɓa, kwandasta ya fi tsira.

Morris bai jira kowa ya gamsu ba, ya kama gudu da iyo. Ya rasu a 2009, yana da shekara 99.