Kare ko karya: Zaɓin da ke gaban mafarautan Kankia da Kusada

A ƙauyukan Kankia da Kusada, a tsakiyar jihar Katsina, da zarar an ji labarin karyar wani gwanin farauta ta haihu, to tun kafin 'ya'yan su buɗe ido masu so sun fara kai kamu. Abin da kan raba kan masu neman shi ne: namiji za a ɗauka ko mace?

Tambayar tana da nauyi, domin kuwa kare ba ya ƙosawa har ya shiga daji sosai sai ya shekara ɗaya ko fiye, kuma duk tsawon wannan lokaci daga tukunyar gida yake ci. Wanda ya yi kuskuren zaɓi ya yi asarar hatsi, ya kuma yi asarar rani guda na farauta.

Ƙananan hukumomin biyu, waɗanda tare da Ingawa suke mazaɓa guda a majalisar wakilan Najeriya, ƙasar noma ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma gonaki sun cinye mafi yawan dajin. Don haka naman da ake samu ƙanana ne: zomo, gafiya, kurege, bushiya, damo da zabin daji. Dajin Rugu da ke yammacin jihar kuwa, matsalar 'yan bindiga ta sa shigarsa ta zama kasada tun daga shekarun 2010. Karen da ake bukata ke nan shi ne mai gudu a fili bayan an kawar da amfanin gona, mai kuma jure ƙishirwa.

Ta fuskar addini ba a bambanta jinsi ba. Malaman fiƙihu sun halatta ajiye kare domin farauta ko tsaron dabbobi ko gona, kuma aya ta 4 a suratu Ma'ida ta yi maganar abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita.

Abin da namiji ya fi

Namiji ya fi girma da ƙarfi. Ana iya ganin tazarar a ma'aunin da Tarayyar Ƙungiyoyin Masu Kiwon Karnuka ta Duniya, FCI, ta ajiye wa karen Azawak, wato dogon siririn karen nan na Buzaye da ya samo sunansa daga kwarin Azawak a tsakanin Mali da Nijar: namiji kilo 20 zuwa 25, mace kuwa kilo 15 zuwa 20. Karnukan ƙasar Hausa sun fi gajarta, amma tazarar tana nan.

Wannan ƙarfi yana da amfani in an ci karo da dila ko guza, ko kuma in karnukan ayari biyu sun haɗu a kan nama guda. Kazalika namiji a shirye yake duk shekara.

To sai dai ƙarfin nan shi ne kuma aibinsa. Maza sun fi faɗa a junansu, kuma da zarar namiji ya ji ƙanshin karyar da ke neman barbara, yakan bar gida har kwanaki, ya komo da rauni ko ma ya ɓace. Yawon kan haɗa shi da cizo, da kuma wata tsiro mai zubar da jini a al'aura, wadda karnuka ke ɗauka ta hanyar barbara. Wasu kan dandaƙe shi domin ya zauna. Hakan yana rage yawo, amma in karen ya fito gwani, an riga an yanke irinsa.

Lissafin karya

Masu son mace kan ce ta fi saurin karɓar horo, ta fi kula da kiran maigidanta, kuma sauƙin jikinta kan taimaka mata wajen juyawa a bayan zomo, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Katsina kan haura digiri 40. Wasu nazarce-nazarcen masana halayyar dabbobi sun nuna cewa maza sun fi tsaurin ido, mata kuma sun fi kusantar mutum. Amma bambancin bai kai wanda ke tsakanin wannan kare da wancan ba, ko da kuwa ciki ɗaya suka fito.

Babbar matsalar karya ita ce lokaci. Takan fara neman barbara tun tana wata 6 zuwa 12 da haihuwa, daga nan kuma kusan sau biyu a shekara, kowanne na ɗaukar mako biyu zuwa uku. A cikin waɗannan makonni ba a fita da ita, don kuwa za ta ɗauke hankalin duk mazan ayari. In ta ɗauki ciki, takan yi kimanin kwana 63, sannan shayarwa ta ci mako shida zuwa takwas.

Alal misali, karyar da aka barbara a watan Nuwamba, daidai lokacin da ake gama kaka, za ta haihu a Janairu, ta yaye a Maris. Kafin ta mayar da jikinta, damina ta kawo kai, an koma gona. Ranin wannan shekara ya wuce ta ke nan, ban da makonnin farko na cikin.

A ɗaya ɓangaren kuma, mai karya shi ke riƙe da iri. Shi ke zaɓen namijin da za a haɗa ta da shi, shi ke bayar da 'ya'ya ga abokai ko ya sayar. Ga mai karnuka uku ko huɗu, mace guda mai kyau jari ce. Ga mai kare ɗaya tilo, wanda ba ya son rasa ko da fita ɗaya, hujjar namiji ta fi ƙarfi.

A ƙasashen waje

Turawa ma ba su raba wannan gardama ba. A gasar karnukan kiwon tumaki, irin wadda aka yi a garin Bala na yankin Wales a 1873, maza da mata fili ɗaya suke shiga. Haka nan a gwajin karnukan aiki da Jamusawa suka ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, wanda tun 2019 ake kira IGP, inda ake auna bin sawu da biyayya da tsaro. A can ana barin karyar da ke neman barbara ta shiga, amma sai a ƙarshe, bayan sauran sun gama, don kada ƙanshinta ya rikita su.

Abin dubawa kafin a ɗauka

Bisa ga dukkan alamu, halin iyaye ya fi jinsi faɗin abin da kwikwiyo zai zama. Ya kamata mai nema ya ga yadda uwar ke aiki a daji, ya kuma san uban. A cikin 'ya'yan, a lura da wanda ke bin tsumma in an ja shi a ƙasa, wanda in ya firgita da ƙara yakan komo ya duba maimakon ya ɓuya.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. Daga mako uku zuwa 12 ne yake koyon sabawa da mutane da dabbobi, don haka a wannan lokaci ake nuna masa kaji da awakin gida, in ba a so ya zama mai kashe su.

Ko namiji ko mace, allurar ciwon haukan kare ta zama tilas daga wata uku, tare da maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutane dubu 59 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari daga kare ake ɗauka. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar a Najeriya. Wanda kare ya ciza kuma, ko da kwikwiyo ne, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar.