Tabon Yaƙi ko Sabon Fenti: Nazari kan Jiragen Halifax Biyu

Jirage biyu ƙirar Halifax, waɗanda Birtaniya ta yi amfani da su a Yaƙin Duniya na Biyu, sun shafe shekaru kwance a ƙarƙashin tafkunan ƙasar Norway. Na farko, mai lamba W1048, an harbe shi a watan Afrilun 1942 yayin farmaki kan Tirpitz, jirgin ruwan yaƙin Jamus. Matuƙinsa ya sauke shi a kan ƙanƙarar tafkin Hoklingen, daga baya ya nutse, sai a 1973 aka tsamo shi. Na biyu, NA337, ya faɗa tafkin Mjøsa a Afrilun 1945, aka fito da shi a 1995.

Daga nan kowanne ya kama hanyarsa. NA337 Kanada aka kai shi, inda 'yan sa-kai suka yi shekara goma suna sake gina shi a Trenton, aka buɗe wa jama'a a 2005, tsaye kan tayoyinsa kamar yau ya fito daga masana'anta. Shi kuwa W1048, gidan tarihin sojojin saman Birtaniya da ke Hendon a Landan ya ajiye shi kusan yadda tafki ya mayar da shi: kwance a kan cikinsa, fentin ya koɗe, jikin ya lotse.

Aikin Trenton abin yabo ne, domin yaro zai tsaya ƙarƙashin fiffike ya san girman abin da kakansa ya tuƙa. Sai dai duk fallen ƙarfen da aka musanya, shaida ce aka cire. Asalin fenti yana nuna irin sinadarin da aka haɗa a lokacin, jerin ƙusoshi kuma yana nuna hannun ma'aikatan da suka buga su cikin gaggawar yaƙi. In aka kankare, an kankare ke nan har abada. Shi ya sa nake ganin hukuncin Hendon ya fi amfanar mai bincike.

Barin jirgi da tabonsa kuma aiki ne mai cin rai. Inda alminiyum ya haɗu da baƙin ƙarfe, ɗan danshi kaɗan ya isa ya sa alminiyum ɗin ya fara cinyewa, ya riƙa fitar da farin gari kamar toka. Dole a riƙa auna laimar ɗaki, ana leƙa kowace gaɓa da tocila. Irin wannan haƙuri masu adana kayan tarihi na Smithsonian a Amurka suka zaɓa wa Flak-Bait, jirgin B-26 da ya fita farmaki fiye da sau 200: suna tsabtace shi sannu a hankali, facin ramukan harbi fiye da 1,000 da ke jikinsa kuma an bar su inda makanikan yaƙi suka liƙa su.