Kogi Da Tudu: Abin Da Ya Raba Konyak Da Armanyak

Wanda duk zai nazarci tarihin wata sana'a, wajibi ne ya fara duban hanyar da kayanta ke bi zuwa kasuwa. Misalin da zan kawo shi ne na barandi, watau barasar da ake samu idan an dafa giyar inabi a tukunyar jan ƙarfe, aka tare tururinta ya huce ya koma ruwa. Faransawa na kiran tukunyar nan alambik, kalmar da suka aro daga Larabci, al'anbiƙ.

A kudu maso yammacin Faransa akwai yankuna biyu da suka shahara da wannan sana'a. Garin Konyak yana bakin kogin Sharant, wanda jirage ke bi har teku. Tun ƙarni na 17 fataken Holan suka riƙa sayen giyar da aka dafa, domin ba ta lalacewa a tafiya, kuma ba ta cin wuri a jirgi. Ciniki ya jawo jari, jari ya haifi manyan gidaje: Martell a 1715, Rémy Martin a 1724, Hennessy a 1765.

Armanyak kuwa, ko da yake ta riga Konyak fara sana'ar, tana can cikin tudu, nesa da teku. Saboda haka aikin ya zauna a hannun ƙananan manoma. Da yawansu ba su da halin mallakar tukunya, sai mai tukunya ya ɗora tasa bisa amalanke, yana bi gona gona cikin hunturu, yana hura mata itace dare da rana. A Konyak sau biyu ake dafawa. A Armanyak galibi sau ɗaya ne, don haka ƙanshin inabin kowace gona yakan bi barasar har cikin gangar katako inda za ta shekara da shekaru.

Wajen 1870 zuwa 1890 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya hallaka gonakin yankunan biyu. A 1898 wani malamin makaranta, François Baco, ya haɗa irin inabin da ke jure masa, har yau kuwa ana noma shi a Armanyak. A 1909 gwamnati ta shata iyakar kowane yanki.

Ashe ke nan, rashin hanyar da ya hana Armanyak arzikin Konyak shi ne ya bar mata sana'arta a hannun masu gona.