Ƙafa Biyu, Feda Uku

Yaran da ke wasan mota a titunan Abuja ranar Lahadi sun ɗauka su ne suka shigo da salon taka birki da totur da ƙafa ɗaya ƙasar nan. Sun ga bidiyon Ayrton Senna cikin Honda NSX a filin tseren Suzuka na Japan, ƙafarsa ta dama na kan birki, gefenta na ɗan taɓa totur, ta hagu na kan kulochi, sai suka ce ai sabon ilimi ne daga waje. Ni da na fara da karen mota a hanyar Kaduna zuwa Lokoja tun Suleja na amsa sunan Abuja, yau kuma nake koyar da tuƙi, na san tushen abin ya girmi iyayensu.

Ga yadda yake. In kana gudu a giya ta huɗu, ka doshi kwana, kana son komawa ta uku, to a wannan gudun dai giya ta uku na buƙatar inji ya juya da sauri fiye da yadda yake juyawa. In ka taka kulochi ka sauya ka saki haka kawai, inji na can ƙasa a sulo, tayoyi ne za su fizgo shi da ƙarfi. Mota ta yi tsalle, fasinja ya gwara goshi, in kuma mai jan baya ce irin fijo 504 ga titi da danshin ruwan sama, gindinta na iya sulluɓewa. Maganin shi ne ka ba ta wuta kaɗan kafin ka saki kulochi, inji ya tashi ya tarbi giyar. Matsalar ita ce ƙafar da za ta ba da wutar tana kan birki, kuma ba ka isa ka ɗaga ta ba. Shi ya sa ake raba ta aiki biyu, tushen babban yatsa ya danne birki, dunduniya ko gefen ƙafa ya ɗosana totur. Duka bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

Rabin wannan aiki iyayen gidanmu na yin sa tilas, ba don ado ba. Tun 1928 kamfanin Cadillac ya fito da zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya da kansa, wanda makanikai ke kira sinkro, amma ya daɗe bai game manyan motoci ba. Gingimari masu bodin katako da muka tashi a cikinsu da yawa ba su da shi, ko kuwa ya cinye tun tuni. Sai dabal kulochi: taka, fitar da giya zuwa firi, saki, ba ta wuta, sake takawa, sannan ka tura. Ka kuskure da ɗan kaɗan, giyabos ya yi ƙarar da za a ji daga ƙauye na gaba. Maigidana ba ya duban ƙafata, kunne yake kasawa. Yakan ce, “Yaro, kada ka tura mata, jira ta kira ka.” In na ce, “Oga, ai na ba ta wuta,” sai ya ce wutar da na bayar ta dafa shayi ce. Babu agogon juyin inji da ke aiki a motar tamu, ko na gudu ma ya mutu tun kafin in zo.

A babbar mota fedodin sun yi nisa da juna, don haka bi da bi ake yi: birki, ɗaga, wuta, giya, koma birki. Haɗa su lokaci guda sai a ƙaramar mota, kuma fijo ce makarantar. Kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, shekarar da Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da 504. Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 1976, gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni. Kusan duk wanda ya yi jigilar ma’aikata da injiniyoyi a shekarun ginin nan, a kan hanyoyin burji da kwanoni tsakanin duwatsu, a 504 ya yi, ko wagon ɗinta, ko a-kori-kura. Totur ɗinta na waya ne kai tsaye zuwa kafireto, kana taɓawa tana amsawa. Direbobin wagon masu gudun fanfalaki daga Zuba zuwa Kaduna, waɗanda fasinja ke yi wa addu’a da tsinuwa a tare, cikinsu akwai gwanayen da za su sauko daga ta huɗu zuwa ta biyu mai gyangyaɗi a baya bai farka ba. Ba su taɓa jin sunan Senna ba.

(Wani abu da matasa ba su sani ba: ran 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari ya koma hagu, hannun da ke sa giya ya sauya. Ƙafafu ne kaɗai ba su sake koyon komai ba, don jerin kulochi, birki, totur bai canja ba.)

Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamban 1991, daidai lokacin da sabuwar mota ta gagari ma’aikaci, ’yan Kwatano da ’yan Beljiyam, wato tsofaffin motocin waje, suka cika ƙasa. Da farko mutane na gudun otomatik, wai ba a tura ta in batir ya mutu, kuma makanikan Apo ba su san cikinta ba. Sai Camry da Accord daga Amurka suka yi yawa, makanikan suka koya, cunkoson Nyanya da Mararraba ya ƙarasa aikin. Wanda zai yi awa biyu yana taka kulochi kowace safiya ba ya buƙatar wa’azi kafin ya sayi mai feda biyu. Yau a makarantarmu, mafi yawan masu zuwa tambayarsu ta farko ita ce ko akwai otomatik. Ban ga laifinsu ba. Kamfanoni ma sun sallama: tun 370Z ta Nissan, wadda ta fito wajen 2009, akwai motoci masu giyar hannu da kwamfuta ke ba su wutar da kanta.

Inda nake da ja shi ne a gangaren Kugbo. Duk wanda ya san hanyar AYA zuwa Nyanya ya san yawan motocin da birki ya shanye musu a wurin. Direban da ya saba riƙe mota da giya yana saukowa birkinsa da sanyi. Wanda bai saba ba sai ya kwanta a kan birki tun daga sama, wani ma ya sa ta a firi wai yana tattalin mai, har ƙauri ya tashi feda ta nutse. A wannan lokacin in ya nemi ƙaramar giya bai san ya ba ta wuta ba, ko ta ƙi shiga ko ta shiga da duka.

Masu yin salon a kullum a garin nan kuwa ba ’yan wasan BMW ba ne. Direbobin koren tasi ne masu tsofaffin Golf da Mazda, waɗanda sulo ya lalace, birkin hannu ya tsinke tun bara. Ka zauna a gaba daga Berger zuwa Area 1 ka dubi ƙasa. Silifas ɗin roba a karkace, yatsu na riƙe da birki kada a daki na gaba, dunduniya na lallashin totur kada inji ya mutu a tsakiyar go-sulo, hannun dama na kan giya, na hagu a waje yana kiran fasinja. Na taɓa nuna wa wani daga cikinsu bidiyon Senna a waya. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini, ya ce, “Malam, shi ma motarsa ba ta da sulo ne?”